Ranar da Mundayen Dada Suka Yi Baƙi

Goggo Aminatu ba ta jefar da mundayen ba. A hankali ta ajiye su kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya, a gaban Yusrah.

"Kalle su da kyau," ta ce. "Kalli aikin mutumin naki."

Yusrah ta kalla. Mundaye biyu ne na azurfa masu kauri, gadon kakarta Dada, waɗanda kowace amarya a gidan take sawa ranar ɗaurin aurenta. Mako uku da suka wuce ita da kanta ta karɓo su daga shagon Usaid a Jambutu, bayan ya liƙe bakin ɗayan da ya tsage. Ranar har haƙoranta ta gani a jikinsu don ƙyalli. Yau ga su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Goggo, me ya same su?"

"Ni kike tambaya? Shekara hamsin suna hannunmu, iyakarsu su ɗan dushe. Sau ɗaya suka kwana a hannun maƙerinki, suka dawo haka. Ya ɗauke na Dada, ya ƙera mana na gwangwani ya shafa musu ruwan azurfa. Ruwan ne ya tashi."

"Wallahi Usaid ba zai yi haka ba."

"Kada ki rantse a kan namiji, ɓingel am," in ji Goggo, da sunan da take kiranta tun tana ƙarama, wato 'yata. "Akwai wani ƙarce a cikin ta hagu, na san shi kamar yadda na san sunana. Na duba, na sake dubawa, babu shi."

Hawaye ya zubo wa Yusrah. Ba ƙaramar yarinya ba ce, shekararta ashirin da shida, aji guda take riƙewa a makarantar firamare ba wanda ya isa ya yi mata tari. Amma a gaban Goggo ko yaushe sai ta koma 'yar shekara goma. Matar nan ita ta riƙe ta tun rasuwar iyayenta, ita ke yi mata kitso, ita ta yi ta zarya da ita asibiti lokacin da zazzaɓi ya so ya tafi da ita.

Matsalar ita ce Goggo ba ta taɓa son Usaid ba. Maƙeri ne, ɗaki ɗaya gare shi a bayan shagonsa, kuma ɗan Mubi ne da gudun hijira ya kawo Jimeta shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin. Ita ma Goggo a wannan gudun ta dawo gida Yola shekara goma da suka wuce, kafin rasuwar iyayen Yusrah, ita kaɗai, mijinta bai ƙaraso ba. Tun daga nan ko sunan Mubi ba ta son a ambata a gabanta. Zaɓinta shi ne Abdulhakeem, ɗan aminiyarta, ma'aikacin sakatariya mai gida a Shagari Low Cost da mota mai sanyi. Wata huɗu Yusrah ta yi tana roƙo kafin Bappa Hamman, yayan mahaifinta kuma waliyyinta, ya yarda magabatan Usaid su zo ranar Asabar su ji amsa. Yau Laraba.

"Na riga na nuna wa Bappanki," Goggo ta ce. "Ya ce a kira shi gobe bayan la'asar. In ya tabbata ya ci amanar gidan nan, Asabar ɗin ta mutu, kuma ƙafarsa ba za ta ƙara taka ƙofar nan ba."

Yusrah ta kama hannunta.

"Goggo, in aka ce masa ɓarawo ba ni kaɗai zai rasa ba. Wa zai ƙara kai masa azurfarsa a duk Jimeta? Sunansa ne kaɗai abin da ya fito da shi daga Mubi."

Goggo ta zare hannun, ta sosa wuyan hannunta ta cikin mayafi.

"Ni ma ban fito da komai ba sai mundayen nan," ta ce, ta tashi ta shige ɗaki.

Yusrah ta zagaya bayan ɗakin girki ta kira shi. Kuka ya hana ta jera magana, sai da ta yi sau uku kafin ya fahimta. Ta zaci zai yi fushi ko ya hau rantse-rantse. Sai kawai ya jefo mata tambaya.

"Yusrah, baƙin ta ciki ya fi yawa ko ta waje?"

"Ana cewa kai ɓarawo ne, kai kuma tambayar da za ka yi ke nan?"

"Ki daure ki tuna."

Ta share hanci. "Ta ciki, ina ji."

"To alhamdu lillahi. Akwai kanwa a gidan?"

Ta rasa ko dariya za ta yi ko ta kashe wayar. Haka Usaid yake, kuma a gaskiya abin da ya sa take sonsa ke nan. Mutum ne da in gida ya kama wuta, zai fara tambayar inda guga yake kafin ya yi salati da ƙarfi.

"Kada ki ƙara kuka," ya ce. "Azurfar Dada ce, ba ta je ko'ina ba. Fushi kawai ta yi."

Washegari bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Zafin Yola bai sauka ba tukuna, Bappa Hamman yana ta fifita da mahuci. Goggo ta zauna gefe, mundayen a cinyarta. Yusrah ta raɓe a bakin ƙofar ɗaki. Abdulhakeem ma ya zo, wai hanya ce ta biyo da shi ya shigo gaida Goggo. Daga Shagari Low Cost zuwa tsohon garin Yola dai hanya ba ta biyowa da mutum sai in shi ya biyo ta.

Usaid ya yi sallama ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Farar riga ce a jikinsa, wankakka, ba sabuwa ba. Hannayensa kuwa ba sabulun da zai fitar da sana'arsa daga cikinsu. Ya durƙusa ya gaida Bappa, ya gaida Goggo, ta amsa da hanci. Har Abdulhakeem ya miƙa wa hannu.

"Ka ji abin da ake zarginka da shi," in ji Bappa. "Me za ka ce?"

"Bappa, a ba ni su in gani."

Goggo ta miƙo su ba tare da ta dube shi ba. Mayafinta ya zame, wuyan hannunta ya fito. Yusrah ta ga idon Usaid ya tsaya a wurin na ɗan lokaci, inda wasu ƙananan ƙuraje suka yi layi, an shafe su da wani mai rawaya-rawaya. Ta ga ya kai munduwa ɗaya kusa da hanci, sannan ya sunkuyar da kai. Ba ta gane komai ba a lokacin.

"Waɗannan su ne na Dada," ya ce. "Kuma baƙin nan shi ne shaidata. Azurfar gaskiya ce take yin irin wannan baƙin."

Abdulhakeem ya yi dariya, ya ɗaga hannunsa sama.

"Haba malam. Ga zobena nan, na azurfa, daga waje aka kawo mini. Shekara biyar ko wanka ba na cire shi, bai taɓa canza launi ba."

"Allah ya ƙara masa haske," in ji Usaid.

"A'a, duba shi," Bappa ya ce. "Ai sana'arka ce."

Usaid ya karɓa kamar ba ya so, ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya mayar.

"Ƙarfe ne mai kyau, zai daɗe. Irin wanda ake cokali da shi ne."

Bappa ya rufe baki da mahuci ya yi tari. Yusrah ta cusa fuska cikin hijabi. Abdulhakeem ya tura hannun cikin aljihu, bai ƙara fito da shi ba har aka tashi.

"In Bappa ya ba ni izini," Usaid ya ci gaba, "ina son tukunyar alminiyom wadda aka wanke tas, da tafasasshen ruwa, da kanwa, da gishiri kaɗan. Ban zo da komai daga shago ba, don kada a ce wani magani na kawo. Da kayan gidan nan za a yi."

"Miyar kuka zai yi mana da gadon Dada," Goggo ta ce wa darbejiya.

Yusrah ta kawo kayan. Ya daka kanwar da kansa, ya zuba a ruwan zafin tare da gishirin, ya juya har suka narke. Sannan ya sa mundayen a hankali, ya danna su da tsinke har suka kwanta a gindin tukunyar.

"Sai sun taɓa jikin tukunyar," ya ce. "In ba su taɓa ba, aikin banza ne."

Kowa ya matso, har Goggo da ta ce ba ruwanta. Da farko ba abin da ya faru. Can sai ƙananan kumfa suka fara tasowa, wani wari ya biyo su, Bappa ya ja da baya yana toshe hanci.

"Wannan ai ruɓaɓɓen ƙwai ne."

"Shi ne baƙin yake fita, Bappa. Farar wuta ce. Azurfa ba ta tsatsa kamar ƙarfe, amma tana da abokiyar gaba guda, ita ce farar wuta. Ko ƙanshinta ta ji a iska sai ta fara rawaya, daga nan ja-ja, daga nan baƙi. Tana cikin ƙwai, tana cikin albasa, tana cikin robar da mata ke ɗaure kaya da ita, tana cikin hayaƙin janareta. Gumi da turare su ma suna taimaka mata. Baƙin a sama kawai yake kwance, kamar ƙura a kan madubi. Tukunyar nan ta fi azurfa son farar wutar, shi ya sa take janye ta."

Yana magana baƙin yana ja da baya a idon kowa, daga gefe zuwa tsakiya. Ya zubar da ruwan ya sake sabo, ya ce wanda ya yi kauri sai an yi masa sau biyu. Da ya tsamo su ya ɗauraye da ruwan sanyi, ya nemi tsohon ɗankwali mai laushi. Ba gurzawa ya yi ba. Shafawa yake yi a hankali, yana bin zanen jikinsu da ɗan yatsa, kamar mai share wa jariri fuska. Yusrah ta tsaya tana kallon hannayen nan masu tabon wuta, ta ji ko duk Yola za ta taru a kanta ba za ta iya son wani ba.

"Kada a ƙara goge su da toka ko yashi," ya ce. "Suna fitar da baƙin, amma da azurfar suke tafiya. Ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi ya isa, a tsane su sosai, a naɗe a ƙyallen auduga, a sa inda iska ba ta shiga. Mai sawa kuma ta gama shafa mai da turare, ya bushe, sannan ta sa."

Ya miƙa wa Goggo ta hagun da hannu biyu. Rana ta faɗa a kanta, haske ya tashi har kan bangon ɗaki.

Goggo ta juya cikinta. Ƙarcen da baƙin ya lulluɓe yana nan, siriri, kamar tsawon ƙwayar shinkafa biyu. Ta ɗora babban yatsa a kai.

"Na gan shi ranar da aka kawo gyara," Usaid ya ce a hankali. "Da na so da na shafe shi a minti biyar. Mahaifina ya hana ni goge tabon da ban san labarinsa ba."

Yusrah ta saki numfashi, ta zaci an gama. Amma Abdulhakeem bai zo daga Shagari Low Cost don ya koma da zoben cokali kawai ba.

"To mun yarda azurfa ce," ya ce. "Amma Bappa, a tambaye shi. Shekara hamsin ba su yi haka ba, sai cikin mako uku da fitowarsu daga hannunsa? A cikin akwati suke, ba ƙwai ba albasa. Me ya shafa musu? Kayan da yarinya za ta sa a jikinta ne fa. Mun san irin abubuwan da ake yi don a juya hankalin mace."

Fuskar Bappa ta canza. Maganar sata daban, maganar asiri daban, kuma a gidan malamai ta biyun ta fi muni.

"Tambayar tana kan hanya," ya ce. "Usaid, me ya taɓa su a gidana?"

"Ban shafa musu komai ba, Bappa. Allah ne shaidata."

"Ba ita na tambaye ka ba. Kai ka ce farar wuta ce. Daga ina ta zo?"

Usaid ya dubi tabarma. Yusrah ta ga ya sani. Ta san fuskarsa, ta ga amsar tana bakinsa, ta ga ya haɗiye ta.

"Ni abin da ke jikin ƙarfe na sani, Bappa. Ban ga lokacin da abin ya faru ba, ba zan ɗora wa kowa ba."

"Usaid, ka faɗa mana," Yusrah ta ce daga bakin ƙofa, ta manta da kunya. "Don Allah ka faɗa."

Bai ɗago ba.

Bappa ya ajiye mahucin. "In ba ka da amsa, ni ma ba ni da amsar da zan ba mutanenka ranar Asabar. Ka tashi ka je."

Usaid ya ce "Na gode, Bappa," ya yunƙura zai miƙe.

"Zauna."

Goggo ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta janye mayafinta har gwiwar hannu, ta miƙa wa Bappa hannayenta biyu, ga ƙurajen, ga man rawaya a kansu.

"Hamma," ta ce, haka take kiran yayan nata. "Ka tambaye ni ni. Zafin bana ya fito mini da ƙuraje, na daka farar wuta na kwaɓa da man kaɗanya, yadda Dada take yi mana. Safe da yamma nake shafawa."

"To me ya haɗa manki da akwati?"

"Ba a akwati suke wuni ba." Ta sauke hannayenta. "Tun ranar da suka dawo suna ƙyalli kamar ranar aurena, na kasa haƙuri. In yarinyar nan ta tafi makaranta sai in rufe ɗaki in sa su. In zauna da su har azahar. Wallahi ban san man ne ba. Da na ga sun yi baƙi, zuciyata ta tafi inda dama take son tafiya."

Ta ɗaga munduwar, yatsanta na kan ƙarcen.

"Wannan, ƙofar motar da muka gudu a ciki ce ta yi shi. Malam, maigidana, ya ɗaga ni ya tura ni ciki, hannuna ya bugi ƙarfe. Ya ce in je, zai biyo ta baya. Shi ne taɓawarsa ta ƙarshe a jikina. Da na duba ban ga ƙarcen ba, sai na ji kamar ranar ce aka sake raba ni da shi."

Kuka ya ƙwace mata. Shekara goma Yusrah ba ta taɓa jin wannan labarin ba. Ta rarrafo ta rungume ta, suka haɗu suna yi. Bappa ya kawar da kai yana goge ido da bakin rawani. Abdulhakeem ya duba agogo, ya ce yana da wani uzuri a ofis, ƙarfe biyar da rabi na yamma. Ba wanda ya raka shi.

Da kukan ya lafa, Goggo ta dubi Usaid sosai, karo na farko tun da ya fara zuwa gidan.

"Ka gani tun da na miƙa maka su."

"Na ji ƙanshin man, Goggo."

"Na kira ka ɓarawo a gaban mutane. Kalma ɗaya za ka faɗa ka wanke kanka, ka bar ni da kunyata. Ka zaɓi ka tashi ka tafi?"

"Wanda ya rufe ƙofa ya sa abu, yana da dalilinsa," ya ce. "Ni ma hular marigayi mahaifina tana ƙarƙashin matashina. Ba na son a tambaye ni."

Goggo ta daɗe tana jinjina kai. Sannan ta tura mundayen gaban Yusrah da gefen mayafi, don kada hannunta ya taɓa su.

"Ɗauke su. Ni na gama, kada in ƙara ɓata su."

"A'a Goggo, ki ci gaba da sawa," in ji Usaid. "Azurfa ta fi son jiki a kan akwati. Ki bari ƙurajen su warke, ko ki wanke hannu ki tsane kafin ki sa. In ma sun sake yin baƙi ba komai, ki aiko mini da su shago, ko sau nawa ne."

Goggo ta share fuska, ta gyara zama, tsohuwar muryarta ta dawo daram.

"In aika har Jambutu? Da wace ƙafar? Surukin gida shi yake zuwa da kansa, kanwa kuma ba ta ƙarewa a gidan nan." Ta juya ga yayanta. "Hamma, goron Asabar ɗin a sayo mai kyau. Ba na son mutanen Mubi su raina mu."

Yusrah ta ɗago da sauri ta dubi Usaid. Mutumin da aka kira ɓarawo bai girgiza ba, aka jefe shi da asiri bai girgiza ba, yanzu ga shi ya duƙa yana ta goge tukunyar da ta riga ta bushe, hawaye na ɗiga a cikinta.